Yatsan Dela da Kibiyar Mu'minat

…kuma ai ba ta danna komai ba. Wannan ko gaban alƙali za ta maimaita. Ta ɗaga murfin, ta taɓa ɗan maɓallin gefe yadda Mu'minat take yi, kwamfutar ta yi ɗan kukanta ta kawo haske. Shi ke nan fa. To me ya hana kibiyar tafiya?

Ga ta can tsakiyar gilashi, 'yar farar kibiya, ta kafe. Dela tana goga yatsa a kan ɗan filin nan na ƙasan haruffa, wanda ake jan kibiyar da shi. Dama. Hagu. Tana kewayawa kamar mai dama koko. Ko gezau.

Mu'minat, autarta, tana Gwiwa wurin sunan ɗan ƙawarta Rahamatu, ta ce kafin la'asar ta dawo Roni. Gobe Litinin kuma da sassafe za ta rungumi wannan abin zuwa Kazaure, ta tsaya gaban malamanta ta kare aikin da ta shekara tana rubutawa. Duk yana ciki. Duk — har dararen da ta hana idonta barci. "Inna, don Allah kada kowa ya taɓa min." Kowa… ai da yaran maƙwabta take. Uwa kowa ce?

Hoton kawai take son gani. Ba wani abu ba. Malam Haladu, mijinta, shekara shida ke nan da rasuwa, kuma duk duniya hotonsa ɗaya ne, wanda aka ɗauka don katin ƙungiyar manoma. Na takardar ruwa ya ci shi daminar da soro ya yi yoyo. Allah ya sa yarinyar ta riga ta kwafe shi ta saka a nan, cikin 'yar jakar nan ruwan ɗorawa da ke can sama a kusurwa. A kai kibiya kanta, a ƙwanƙwasa sau biyu, sai ga Malam da hularsa a karkace, ya haɗe rai kamar mai hoton ya zage shi. Mutumin da in yana dariya sai an jiyo shi daga bakin rijiya…

Sabuwar gyaɗa ce ta jawo. Da safe aka kawo ta farko daga gona, da ƙasarta da ɗanyen ƙamshinta, sai kawai ƙirjinta ya cika. Shi ne yake kawo mata ta farko a aljihun riga, ya zube mata a cinya, ya ce ɗanɗana ki faɗa min ko na iya noma. Kewarsa take ji, ba wani ɓoye-ɓoye. Tsohuwa da jikoki bakwai tana kewar miji da rana tsaka — to, sai me?

Kibiya dai tana nan inda take.

Ƙura ce wataƙila. Tana hurawa. Tana gogewa da gefen zani. A'a. To ko yunwa abin yake ji? Ga igiyar caji a jiki, ga 'yar fitilar tana ci. "Inna, in abu ya rikice, a kashe shi a kunna, rabin gyara ke nan." To. Ta kashe. Gilashi ya yi baƙi, sai ga wata tsohuwa a ciki tana kallonta, ɗankwali ya zame, baki a buɗe. Ke kuma fa? Wa ya aike ki? Ta kunna. Bismillahi. Haske, ɗan kuka, kibiya… a tsakiya, kamar an dasa ta.

Inuwar katanga ta fara cin tabarma.

Kai, Malam, da kana nan da ka ce me? Da ka ce Dela ba kya iya ganin abu a ajiye. Haka ka ce ranar da ta kwance rediyonka don ta ga inda mai labarai yake zama. Ba ta yi shekara ashirin ba a lokacin. Ka yi fushin kwana ɗaya, washegari ka ba duk majalisa labari kana riƙe ciki.

Tana sunkuyawa, tana duba ɗan filin da kyau. Af. Ai ga shi. Ya bushe. Tsakiyarsa har ya yi fari-fari saboda guga, shekara uku yarinya tana murza shi ba ta taɓa shafa masa komai ba. Yaran yanzu… A gidan nan me ya taɓa tsayawa mai bai tashe shi ba? Keken ɗinki. Ƙyauren zaure da yake kuka. Sarƙar keken Malam. Faso a diddige, tsagewar leɓe, kan jariri. Shekara arba'in tana matsar man gyaɗa, kuma ba a Roni kaɗai aka san man Dela ba, har daga Babura ana aiko da galan. Ɗigo ɗaya. Na jiya, tatacce, wanda ko gishiri bai gani ba.

Ɗigo ɗaya… to, biyu.

Tana shafawa a hankali, kusurwa zuwa kusurwa, yadda take shafa wa jariri a maɗiga. Ya yi kyau kuwa. Yana sheƙi. Ta aza yatsa, ta ja —

Innalillahi. Man yana gangarawa. Yana bin 'yar tsagar nan ta gefe, yana shigewa ciki, can ciki inda aikin yake. Inda shekarar yarinyar take. Rubutu yana jin mai? Takarda dai tana ji, ta ga yadda ƙuli yake mayar da jarida. Idan gobe ta buɗe gaban malamai ta tarar duk ya jiƙe, haruffan sun narke… su a zaune da tabarau, ita a tsaye ita kaɗai. "Me ya sami aikinki?" "Innata ce ta zuba masa man gyaɗa." Har da sunanta fa a shafin farko. Mu'minat ta karanta mata: ga mahaifiyata Dela, wadda hannunta ya kawo ni nan. Hannun ne kuwa. Ga abin da ya yi.

Zani. A'a, wannan ya sha mai. Ɗankwali. Tana dangwalawa, tana tsotse man da bakin ƙyalle, tana bin tsagar da farce. Dusa fa? Dusa tana shan mai… a'a, Dela, tsaya haka. Ya isa. Ki bar abin mutane da abin da kika riga kika yi masa.

Amma ai ta iya. Abin da yake cin ranta ke nan. Ta iya. Sau nawa? Kowace Juma'a in yarinyar ta dawo daga makaranta, sai ta zauna a bayanta a kan tabarmar nan, ta ɗora haɓa a kafaɗarta, tana ƙamshin sabulun 'yan birni, ta aza hannu a kan nata. "Yawwa, Inna, a hankali. Sama. Sama kaɗan. Kin gani? Ai kin fi ni iyawa." Kibiya tana tafiya sumul kamar ta san hanya. Har gidan Kawu Daudu ta je ta cika baki, ta ce ita yanzu kwamfuta ba ta gagare ta ba, matan gidan suna tafa hannu suna ce mata 'yar boko. Yau rana ɗaya da ta zauna ita kaɗai…

Saura ɗan maiƙo a kusurwa. Ƙyallen ya jiƙe. Ta lanƙwasa yatsa ta share da bayansa —

Ta motsa.

Kibiyar. Ta yi tsalle ta koma gefe.

Dela ta tsura mata ido. A sake. Bayan yatsa, wurin da fata take da laushi: ga ta nan tana tafiya, tana ɗan rawa, amma tana tafiya. Tana da rai. Alhamdulillahi, abin yana da rai, aikin yana nan, yarinyar za ta tsaya gobe da kanta a sama. Man ne ya yi aiki? Ai ta faɗa… To, yanzu da kan yatsa, yadda aka koya mata.

Shiru.

Bayan yatsa — ta tafi. Kan yatsa — ta tsaya. Baya. Kai. Baya…

Tana juya hannun, tana kallonsa kamar yau aka ba ta shi. Kan yatsun ya yi kanta, tauri kamar ƙahon rago, santsi, babu ko zane. Tunkuza mai zafi daga turmi, shekara arba'in. Ƙuli daga cikin mai, ba ta jiran matsami. Garwashi ma da hannu take ɗauka ta kai wani murhun. Ranar yin katin ɗan ƙasa — oho. Na'urar nan mai jan haske da ta ƙi karɓar yatsanta, ma'aikacin yana ta cewa Baba a sake, a sake, har layi ya fara gunaguni. Mu'minat tana tsaye a gefe. Ba ta yi dariya ba. Ta dai riƙe hannun a hanyar dawowa, tana juya shi.

To abin bai taɓa jin yatsanta ba ke nan. Ko sau ɗaya.

To wa yake jan…

Hannun da ke kan nata. Ɗan ƙaramin yatsan nan da kullum yake zamewa ƙasa, yana taɓa filin ta gefe. Ita tana zaton riƙon ne haka. "Kin gani, Inna? Ai kin fi ni iyawa." Kowace Juma'a. Shekara uku. Ja'irar yarinya, 'yar Malam, maƙaryaciyar banza… da haɓarta a kafaɗa, tana kallon uwarta tana fankama, tana ƙara mata. Har gidan Kawu Daudu ta raka ta, tana gyaɗa kai tana cewa wallahi Inna ta iya.

Kunya take ji, da wani abu wanda ba kunya ba. Son yarinyar ne. Ya yi mata yawa a ƙirji har ba ta san inda za ta ajiye shi ba.

Ga kibiyar yanzu dab da 'yar jakar. Taku ɗaya. Da bayan yatsa za ta iya kai ta, ta ƙwanƙwasa, ta ga Malam ita kaɗai, da iyawarta, yau da gaske. In ta yi, ta faɗa… shi ke nan, Juma'a ta ƙare. Wa zai sake zama a bayanka in ya san ka iya? In kuma ta yi shiru — wurin duk ƙamshin man gyaɗa yake, ɗan filin yana ƙyalli kamar goshin amarya, wa za ta ruɗa?

Ƙarar babur a ƙofar gida. Muryar ɗan acaɓa, sannan ta Mu'minat, tana dariya, tana cewa a gaida gida. Takalmi a zaure. Ƙyauren bai yi kuka ba, ya sha mai.

A rufe murfin? A ɓoye kwalbar? Ɗankwalin ma yana hannu, kai a buɗe…

Ba ta rufe ba. Tana gyara zama, tana matsawa gaba kaɗan a kan tabarmar, yadda mutum ɗaya zai samu wuri a bayanta. Ta miƙe yatsan, mai kantar, ta aza kansa a tsakiyar filin.

Kibiya ba ta motsi. Dela tana jira.