Kwalbati Ɗaya, Layi Biyu

Kafin a zaɓe shi kansila, Dogo gyaran babura yake yi a bakin titi. Shi ne mutumin gangare na farko da ya taɓa zama a majalisar gari, don mutanen tudu ne suka saba cike kujerun. Su ke da kwalta da famfo. Gangare kuwa, duk ruwan da ya sauka a tudu can yake ƙarewa, da shararsa da komai.

Ya daɗe yana roƙon kwalbati. Sai da ya ɗaga hannu a majalisa ya goyi baya aka gyara wa tudu filin wasa, sannan shugaban majalisa ya kira shi ofis ya ce an ware musu guda ɗaya. Su je su tsayar da inda za a gina kafin a rufe kasafi.

Gangare layi biyu ne. Na gaba na 'yan asalin unguwa ne, na baya na waɗanda aikin masaƙa ya kawo, waɗanda har jikokinsu baƙi ake ce musu. Dogo ɗan layin gaba ne, matarsa 'yar layin baya.

A ajin firamare aka yi taron layukan biyu, manya duk sun takure a bencin yara. Kawun Dogo mai sayar da katako ya ce tun ba a san da layin baya ba suke shan ambaliya. Surukinsa, tsohon direba, ya ce su a ɗakunansu ruwa yake kwana, kuma ranar zaɓe ba wanda ya tambayi ƙuri'arsu asalinta. Wani tela ya ce to a tsaga kwalbatin biyu, kowa ya sa rabinsa a kai ya tafi gida. An ɗan yi dariya, sai kawu ya kira mutanen layin baya 'yan ci-rani. Suka karkaɗe riguna suka fice.

Dogo ya bi gida-gida har takalminsa ya tsinke, ba wanda ya sauko. Ya koma wurin shugaban majalisa ya roƙi ƙanana biyu a madadin babba ɗaya.

"Kansila, ni ban hana ku ba," in ji shugaba. "Mutanenka ne suka ƙi."

Kansilolin tudu ba su yi gardama ba, baki ɗaya suka juya aikin ya koma fitilun titinsu.

Da damina ta kankama, ruwa ya shiga layukan biyu. Kawu ya daina amsa gaisuwarsa. Suruki yana amsawa, amma a taƙaice. Wata safiya yayarsa ta same shi yana kwarfe ruwa daga ɗaki, matarsa na ɗora katifa a kan tebur, ta tambaye shi ko zai sake tsayawa takara.

"Yaya, bari in gama da wannan tukuna."

Bai sake tsayawa ba. Layin gaba suka fito da nasu ɗan takara, layin baya suka fito da nasu, kujerar ta koma hannun wani ɗan tudu. Dogo ya buɗe rumfarsa ya ci gaba da gyaran babura.