Masu Gidan Ba Sa Nan

Da takalmi ɗaya Malama ta iso bakin ƙofar rukunin gidajensu, ɗayan ya zame a matakala ba ta ko waiwaye shi ba. Ta cikin sandunan ƙarfe ta hango motar asibiti a tsaye, fitilarta tana juyawa cikin ranar azahar. Ta banka ƙaramar ƙofar masu tafiya a ƙasa, ta faɗa waje tana ɗaga hannu.

"Nan ne! Bene na uku! Mahaifina ne, ya faɗi!"

Direban ya leƙo da kansa. "To a buɗe mana, Hajiya."

A bayanta ƙaramar ƙofar ta koma ta rufe kanta, ƙit. Sai a lokacin ta tuna katin shiga yana cikin jakarta, jakar kuma tana kan kujera a falo. Ita ƙofar nan mai juyawa ce, ba a iya riƙe wa wani ita a buɗe; fita kowa fita yake, shiga ce sai da kati. Ta fito tarar masu ceto, ga shi ita ma ta zama 'yar waje.

Baba baƙo ne a gidan, ya zo ganin likitan ido. Ya tashi zai yi alwala ta ji ƙarar faɗuwa. Ta tarar da shi a kwance a lungun da ke tsakanin falo da banɗaki, bakinsa ya karkace, hannun dama ya ƙi motsi. Ta kira asibiti, ta sa masa matashi, ta bar ƙofar gidan a wangale don kada a ɓata lokaci.

"Maigadi!" Ta jijjiga sandunan. "Buɗe mana, don girman Allah!"

Maigadi ya fito daga ɗan ɗakinsa da ke ciki, hannuwa a sake. Tun da aka cire tsohuwar ƙofa aka sa ta lantarki aka karɓe masa mabuɗi, aka bar masa kujera da tocila. Sunan dai maigadi ne.

"Wallahi, Malama, ba a hannuna take ba. Kamfani ke buɗewa daga ofishinsu. Danna wancan maɓallin ki yi musu magana."

"Katinka fa?"

"Nawa sai lokacin canjin aiki yake ci. In kuma na haura ɗauko naki, kyamara ta ga na bar nan, a bakin aikina."

Ta danna. Wata muryar mace ta fito daga ɗan akwatin da ke jikin bango, a natse, kamar mai karanta labarai.

"Barka da rana. Wurin wa aka zo?"

"Ba zuwa aka yi ba, gidana ne! Motar asibiti ce, mahaifina yana sama a kwance!"

"To sa katinki mana."

"Yana ciki!"

"Doka ta ce mu buɗe wa motar gaggawa nan take, in lambarta tana cikin na'urarmu. Wannan lambar ba ta fito ba."

"Sabuwar mota ce," in ji direban. "Jiya-jiya aka ba mu ita. Ba kya ganinmu ta kyamara? Ko mun yi kama da masu tallan katifa?"

"Ina ganinku. Amma an taɓa shiga wani rukuni da farar mota aka kwashe kayan mutane. Bari in nemi shugabana."

Shugaban ya fita cin abinci.

Nas ɗin da ta zo tare da motar ta diro, wata gajeriyar mace mai saurin magana. Ta kama hannun Malama. "Yana numfashi da kika fito? Ya gane ki? Irin wannan faɗuwar ba ta jira, Hajiya, ƙwaƙwalwa ce." Ta juya ga direban. "Jan akwatin fa? Ai dole ne kowane rukuni ya sa shi."

Haka ne kuwa. Hukumar gari ta wajabta a kafa jan akwati a bakin kowace ƙofa, a ajiye mabuɗin gaggawa a ciki, masu kashe gobara da motocin asibiti kuma su riƙe abin buɗe akwatin. Suka same shi a bayan wata tukunyar fure. Direban ya buɗe, sai ga mabuɗi a rataye, fes da shi. Malama ta ce alhamdulillahi da ƙarfi har muryarta ta fashe.

Direban ya bi ƙofar daga wannan gefe zuwa wancan yana shafa ƙarfe. Ya duƙa. Ya miƙe. Ya sake bi.

"Ina kwaɗon?"

"Wane kwaɗo?" in ji maigadi.

"Wanda mabuɗin nan ke buɗewa mana!"

Maigadi ya ƙura wa mabuɗin ido ta tsakanin sanduna, sai fuskarsa ta washe kamar ya ga ɗan garinsu. "Af! Ai na tsohuwar ƙofa ne. Ita kam an sayar wa masu gwangwan."

"Masu duba doka ba sa zuwa ne?"

"Suna zuwa. Su buɗe akwati, su ga mabuɗi, su rufe."

Malama ta rasa ta ina za ta kama. Ta kira mijinta, wanda zai iya buɗe ƙofar ta wayarsa. Yana cikin jirgi, waya a kashe. Ta nemi lambar maƙwabta, ta ga ashe ko ɗaya ba ta da ita. Shekara da shekaru ana haɗuwa a matakala, sannu-sannu kawai. Ta rubuta a zauren waya na mazauna rukunin cewa wani ya taimaka ya sauko da kati. Amsoshi suka fara zubowa. Allah ya ba shi lafiya. Allah ya sa kaffara ce. Wata ta turo hoton hannuwa biyu a ɗage. Duk suna wurin aiki, masu addu'ar.

Ta sake danna maɓallin, ta ƙi sakinsa.

"Akwai hanya ɗaya," in ji muryar. "Zan kira wayar cikin gidanku. In aka ɗauka aka ce a bar baƙi su shiga, sai in buɗe."

"Wa zai ɗauka? Ni ce a nan! Shi kaɗai ne a ciki, yana ƙasa!"

"Ƙa'idar ke nan, Hajiya. Bari dai in gwada."

Direban ya kunna jiniya, wai ko wani zai leƙo. Nas ta fara auna tsawon katangar da ido, sai ta ga wayar lantarkin da aka zagaya a samanta ta fasa. Malama ta jingina goshinta da ƙarfe mai zafi. Daga nan tana iya hango tagar falonsu, labulen yana ɗan motsi.

Akwatin maganar ya yi ƙara. "An ɗauka."

"Me kika ce?"

"Wani dattijo ya ɗauka. Maganarsa ba ta fita sosai, sai da na sa ya maimaita. Na ce akwai baƙi a ƙofa, a bar su su shigo? Ya ce masu gidan ba sa nan."

Wayar tana falo a kan ɗan teburi, can nesa da inda ta bar shi. Wato ja da ciki ya yi, da rabin jiki, don kawai wayar gidan surukinsa tana ta kuka ba kowa. Baba ke nan. Mutumin da ko firij ɗin gidan ba ya buɗewa sai ya nemi izini, shi ne zai ce a shigo da baƙi gidan da ba nasa ba? Ta ji daɗi yana da rai har yana magana, ta kuma ji kamar ta kurma ihu. Ba ta san wanne za ta fara ba, sai ta yi dariya, hawaye na zuba.

"Yana magana ke nan," in ji nas. "Madalla. A sake kira, a ce 'yarsa ce!"

"Na sake," in ji muryar. "Bai mayar da kan wayar ba, layin a buɗe yake. Kuma na'ura ta rubuta cewa gidan ya ƙi baƙi. In aka ƙi, maɓallina ba ya aiki sai shugabana ya dawo. Wallahi ina ta kiransa. Ku yi haƙuri."

"Haƙuri!" Direban ya jefar da mabuɗin tsohuwar ƙofa cikin tukunyar fure. "Hajiya, ki ce in ja baya in banke ta."

"Ka banke!"

"Ƙarfen nan motar zai lanƙwasa, sannan da me za mu ɗauke shi?" in ji nas.

Suna cikin haka sai ga wata baƙar mota ta taho daga can cikin rukunin a guje. Injiniya ne, mai ritaya, na benen ƙarshe, wanda ko zubar da shara zai je sai ya shiga mota. Jiniya ce ta tashe shi daga barcin rana, ya taho ya ga marar mutuncin da ke damun mutane. Ya taka birki dab da ƙofa, ya sauke gilashi yana nuna direban da yatsa.

"Kai! Ba ka san nan gidajen mutane ba ne?"

Ƙofar, da ta ji nauyin mota mai fita, ta yi gurnani ta fara zamewa gefe.

Kowa ya tsaya yana kallonta. Maigadi ne ya fara farfaɗowa. "Ranka ya daɗe, ja baya! A'a, kada ka ja, za ta rufe! Matsa gefe!" Injiniya ya rikice, ya sa giyar gaba, ya sa ta baya, ya hau kan furanni. Motar asibiti ta kutsa ta gefensa, madubi na gogar madubi. Malama ba ta jira mota ba, ta zura da gudu.

Ta riga su hawa. Ƙofar gidan tana nan a wangale. Matashin yana lungu inda ta sa shi, ba kowa a kai. Dardumar falo ta tattare, ɗan teburin ya kife. Baba yana kwance a gefensa, hularsa ta faɗi, kan wayar yana cikin hannunsa na hagu ya riƙe gam.

Ta zube a gabansa. "Baba! Baba, ni ce!"

Nas ta shigo tana haki, ta durƙusa ta ɗaya gefen, ta fara buɗe jakarta. Ta yi ƙoƙarin zare wayar daga hannunsa, ya ƙi saki.

Ido ɗaya ya buɗe. Ya daɗe yana neman fuskarta kafin ya same ta. Leɓensa ya yi ta motsi, ta kai kunnenta kusa.

"Auta... an kira." Ya haɗiyi yawu da ƙyar. "Na ce... ba kwa nan."

Direban yana bakin ƙofa da gadon ɗaukar marar lafiya, yana tambaya ta ina zai juya da shi. Malama ta sa hannu biyu ta buɗe yatsun Baba ɗaya bayan ɗaya, ta karɓi wayar, ta riƙe hannun.

"Ka kyauta, Baba," ta ce. "Mun dawo."