Tayin Farko

Shekara talatin Badaru yana dillancin shanu a karar Illela, kuma ko a mafarki bai taɓa karɓar tayin farko ba. Matarsa Haulatu takan ce ko kujerar Makka aka ba shi kyauta, sai ya ce albarka, a ƙara da Umara.

Autansu Uzairu yana ajin ƙarshe a sakandare, kuma Allah ya ba shi hannu. Da jifan maruƙa da hoge ya fara, har ta kai duk mai tsaron gida a wasan ƙwallon hannu in ya hango shi sai ya kama salati. Ranar da aka ce kocin wata kwaleji a Sakkwato zai zo takanas saboda yaron, sau uku Badaru yana sake riga. Ya yi ta leƙen hanya har maƙwabta suka tambaya ko lafiya. Murna kamar ta kashe shi, amma motar kocin na tsayawa sai ya ɗaure fuska irin ta ranar kasuwa.

Koci Hamidu bai ja zance ba. Gurbi ɗaya ya rage masa: karatu kyauta, ɗakin kwana, abinci. In ba a karɓa yau ba, akwai wani yaro a Gwadabawa da ke jira.

Badaru ya dubi rufin zaure, ya shafa gemu. "Albarka," ya ce.

"Alhaji, ba saniya muke ciniki ba fa."

"Na sani. Saniya ba ta jifa irin na yaron ga."

Kocin ya sha ruwa, ya yi godiya, ya shiga mota. Badaru ya faɗa cikin gida yana dariya har da dukan cinya.

"Malam, mi kac ce mai?" in ji Haulatu.

"Ke dai zuba ido. Mai saye na ƙwarai sai ya tahi ya dawo. Ba shi kai tasha bai juyo ba."

Ya zauna bakin ƙofa yana kaɗa ƙafa. Motar bulo ta wuce, amalanke ya wuce. Can sai ya ga Uzairu ya fito, ya kwance takalman wasansa, ya miƙa wa ɗan maƙwabta. Nan Badaru ya miƙe zumbur.

Mutanen gari har yau suna ba da labarin yadda dattijo ya haye bayan kabu-kabu, babbar riga ta cika da iska, hula ta yi nata wuri, yana dukan kafaɗar mai babur yana cewa ya ƙara wuta. Motocin albasa ne suka cece shi, don sun yi layi a shingen bincike sun tare hanya, ga motar kocin a bayansu. Badaru ya zura hannu ta taga ya cafke hannun kocin.

"Na sallama!"

"Ban ƙara ko allura ba, Alhaji," in ji kocin yana dariya.

"Hakanan na sallama."

"To, ran Litinin ya zo da akwatinsa."

Duk wanda suka gamu da shi a hanyar komawa sai da ya ji labari, har da masu tallan fura. A gida Haulatu ta rangaɗa guɗa, Uzairu ya ruga karɓo takalmansa, aka fito da akwati ana kakkaɓewa.

Ganin akwatin nan ne ya yanke wa Badaru dariya. Sau dubu ya furta kalmar nan ta sallama a kara, amma kullum dabbar wani ce, bai taɓa tsayawa kallon inda aka ja ta ba. Wannan karon nasa ne, kuma ya ji zafin abin har ƙirji.

"Haulatu," ya ce a hankali, "ran kasuwa wa za shi kai min abinci kara?"

Ta ci gaba da ninke rigunan yaron, ba ta ɗago ba.

"Ai ka sallama, Malam."