Tsakuwa a Rumfar Malama Bunmi

Baba Kyari yana da lambu a bayan gidansa a Nguru. Kuɓewa, yakuwa, lalo, barkono. Ba ya sayen kayan miya a kasuwa, kuma ba a koya masa shuka. Gidan da ke jikin katangarsa ma nasa ne. Ya bayar da shi haya ga wata malamar firamare, Bayarbiya, sunanta Bunmi.

A daminar 1998 wata shuka mai yaɗo ta tsallako katangar daga wajenta. Ganye kamar na kabewa, fure fari mai gashi-gashi. Sai ta yi 'ya'ya dogaye, kore da ratsin fari, suna nannaɗewa kamar maciji. Kyari ya tsufa bai taɓa ganin irinta ba. Abin ya tsaya masa a rai.

Maƙwabcinsa Laminu ya hau gyaran kwanon ɗakinsa, ya hango rumfar da ke tsakar gidan malamar. Da yamma ya kawo maganar majalisa.

"Kowane ɗan shukar nan da tsakuwa ɗaure a ƙarshensa da zare. Mai neman abinci ba ya yin haka, Kyari. Asiri ne. Ka tashe ta."

"Kai ka ba ta gidan?"

"Unguwar ta kowa ce."

Sauran dattawan suka goyi bayan Laminu. Kyari ya ce sai ya gani da idonsa.

A gida matarsa Meram ta ce, "Malam, katanga ɗaya ce tsakaninku. Ka tambaye ta mana."

"Ni zan tambayi yarinya sunan ciyawa?"

Ya tsinke ɗaya daga 'ya'yan shukar ya jefa wa akuya. Ta cinye, ta tsaya tana neman ƙari. Ta kwana lafiya. Sai ya zaɓi ƙanana biyu a ɓangarensa, ya ɗaura wa ɗaya tsakuwa, ya bar ɗayan haka. Kullum bayan asuba yana zuwa ya tsaya a kansu, hannu a baya. Wanda ya bari ya lanƙwashe. Mai tsakuwar ya sauko sambal, har ya fi hannunsa tsawo. Kyari ya daɗe yana kallonsa, bai faɗa wa kowa ba.

Saura abu ɗaya: me ake yi da shi? Ya ɗanɗana ɗanye, lami. Yana cikin wannan sai manyan suka fara ja, suka yi laushi. Ya ɗauka ruɓewa ce. Ya zaro wuƙa yana yankewa yana tarawa gefen juji.

Aka yi sallama. Bunmi ce, da kwano a hannu. Ta durƙusa ta gaishe shi, idonta a kan tarin.

"Baba, don Allah kar ka zubar. Yanzu ne ya nuna."

Ta tsaga ɗaya da farce. Ciki jajir, tsoka mai kauri ta lulluɓe ƙwayoyin.

"A wajenmu tumatirin maciji muke ce masa. Lokacin da tumatir ya ɓace a kasuwa, shi ne miyarmu."

Meram ta hura wuta. Bunmi ta tace jan, ta ware ƙwayoyin a faifai, ta soya da albasa da barkonon lambun da busasshen kifin garin Dagona. Aka zuba wa Kyari a kan shinkafa. Ya kai loma, ya tsaya. Ya fi tumatir zaƙi, ba tsami. Ya sake kaiwa.

"Tsakuwar nan, don ya miƙe ne, Baba."

"Na sani."

Ta goge hannu a zani.

"An ce mini za ka tashe ni. Yara ma sun daina shiga gidana."

Kyari ya cinye abin da ke kwanon tukuna. Ya wanke hannu. Ya nuna faifan da haɓa.

"Da wane ruwa ake shuka shi?"

"Ruwan farko."

"Ki shanya irin. Baɗi za ki zo ki kafa mini rumfa a nan, kusa da kuɓewa."

"Baba Laminu fa?"

"Gidan ba na Laminu ba ne." Ya juya wajen matarsa. "Meram, zuba sauran a aika masa. Kar a faɗi ko miyar mece ce sai ya gama."