Jatan Landen Gwaggo

Ranar Litinin Dakta ta buɗe firizan ɗakin gwaje-gwaje, sai ɗumi ya buso mata a fuska. Ashe injin ya tsaya tun Juma'a, ba wanda ya lura. Kwalabe goma sha biyu duk sun narke, ƙwayar bakteriyar da ta shekara uku tana reno ta mutu murus.

A cikin jatan landen da gwaggonta ke tsumawa da gishiri ta samo ƙwayar. Ta gwada tsarin halittarta da na duk waɗanda aka sani, bai zo ɗaya da ko guda ba. Sabon jinsi ne. Sai dai masu rajistar sabbin ƙwayoyi ba sa karɓar labari. In ba ka aika musu ƙwayar da ranta ba, babu zancen raɗin suna.

Ta koma gidan Gwaggo, aka ɗebo mata daga tulun da ke bakin ƙofar kicin, ta shafa a farantan gwaji talatin. Komai ya tsiro ban da abin da take nema. Sati biyu tana ɗora wa gishiri laifi kafin ta tuna da bakinta. Bara ita ta tsaya tsakar gida tana wa'azin tsafta, ta ce a jefar da tsohuwar muciyar katako da ba ta taɓa ganin sabulu ba, ta kawo ludayin ƙarfe. Ashe a jikin muciyar nan take zaune. Gidan ƙwayar ta rushe da kanta.

Ta isa gidan Gwaggo, ta durƙusa.

"Gwaggo, muciyar nan, a wace bola aka jefa ta?"

Gwaggo ta dube ta sama da ƙasa. "Za ki yi min faɗa?"

"Wallahi ba zan yi ba."

Tsohuwa ta miƙe, ta buɗe ɗakin ajiya na baya. Tuluna takwas a jere, wari kamar ya ture mutum, ga muciya tsaye a cikin na farko, baƙa ƙirin.

"To na bakin ƙofa fa?"

"Wannan ai naki ne, 'yar nan. Shi kaɗai nake juyawa da ludayinki, don in kin zo a zauna lafiya. Ko kyauta ba mai karɓarsa, salam yake."

Dakta ta kankare jikin muciyar, ta je ta shafa a faranti. Kwana huɗu bayan haka, da hantsi, ta ɗaga faranti wajen taga. Ga su nan, ɗige-ɗige ruwan ɗorawa masu santsin baki, sak irin na da. Ta nemi kujera ta zauna tana dariya, hawaye na zuba. Tunda take, ba ta taɓa jin daɗin an yi watsi da maganarta ba sai ranar.