Lemon da aka dasa a kan cibiyata

Ranar da aka haife ni, kakata Mwantumu ta binne cibiyata a gonarmu ta Muheza, ta dasa lemo a kai. Tare muka girma da shi. Idan na yi zazzaɓi ina ƙarami, itacen take fara zuwa dubawa kafin ta taɓa goshina.

Ciwon lemo ya shigo mana ne a hankali. Ganye ya yi rawaya gefe guda, 'ya'yan su karkace, su ƙi nuna, ka ɓare ka ji ɗaci. Masu manyan motoci da ke zuwa saye daga Mombasa suka fara wuce mu.

Sai ga Dakta Kihiyo, wata mai bincike daga jami'a. Ta tara mu a gindin mangwaro ta ce ta samu tallafin gwada maganin ciwon ba tare da feshi ba. Za a kawo dashe mai lafiya da aka raina a cikin raga, a kuma ɗaura igiya daga itace zuwa itace don jajayen tururuwa su bi su cinye ƙwaron da ke yaɗa cutar. Amma ƙauye guda za ta ɗauka, kuma sai wanda ya sare duk itacen da ya kamu. In an bar ko ɗaya, ta ce, dashen ma zai kamu, gara ta kai aikin gaba.

Mutane suka yi ta sara, wasu da hawaye. Nawa kaɗai ya rage. Kaka ta shimfiɗa tabarma a gindinsa tana feren rogo, ta ce ba mai taɓa shi.

Baba Sekiete, maƙwabcinmu, ya leƙo ta kan shinge ya ce, "Mwantumu, lemon nan ko biri ya ƙi shi fa."

Ta ce, "Kai ma matarka ta ƙi ka, an sare ka?"

Ni ban yi karatu mai nisa ba, kuma ba na son gardama. Na je na samu Dakta na tambaye ta ko dole sai an tono saiwa. Ta ce a'a, a yanke shi dab da ƙasa, a ƙona kututturen don kada ya yi toho. Na dawo na zauna kusa da Kaka, na ɗauki rogo ina taya ta fere.

Can ta ce, "Maigidana, in ya faɗi kai ma faɗuwa za ka yi."

Na ce, "Uwargida, tun bara yake mutuwa, ni kuwa jiya malmala biyu na tuwon rogo na ci. Ke kika zuba mini. Kuma ba za a taɓa ƙasar ba. Abin da kika binne yana nan inda kika sa shi."

Ta dube ni, ta dubi reshen da ya bushe. Ta naɗe tabarmarta, ta shiga ɗaki ta fito da addar marigayi kakana.

"Ba baƙo ba," in ji ta. "Kai za ka sare."

Na sare. Bai yi wuya ba, cikinsa duk ya lalace. Baba Sekiete ya cire hula.

Ƙauyenmu aka ɗauka. Yanzu dashen ya kai mini ƙugu, ganyensa kore shar, kuma ni aka ba ɗaurin igiyoyi a gonakin gefen rafi. Na ji Kaka a bakin rijiya tana gaya wa mata cewa jikanta ne ya sare nasa da hannunsa, ba wanda ya riƙe masa adda.

Sai dai har yau da safe takan buga mini ƙofa.

"Mhando, kana da rai?"

"Ina nan, Kaka."

"To tashi, tururuwarku na jira."