Wan Miji a Ɗakin Malamai

Wata biyar ke nan da ba ta shugabancin makarantar, amma har yau in ta shiga ɗakin malamai, Malamin Lissafi ba ya ɗaga kai daga jaridarsa. Iyakarsa ya ce, "A'a, matar ƙanina ce? Ya 'yan biyu?" Sai sauran malamai su kama murmushi a ɓoye.

Wan mijinta ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Shekara ashirin da biyu yana koyarwa a makarantar, kuma kowa ya san ya sa rai da kujerar kafin takarda ta fito da sunanta. A gida Yaya take ce masa. A makaranta ma bakinta ya kasa kiransa da wani suna.

Ba gaisuwar ce ke ci mata rai ba. Darasinsa na 'yan ajin ƙarshe ƙarfe takwas yake farawa, shi kuwa sai tara da rabi ake jin ƙugin babur ɗinsa a bakin ƙofa. Saura mako bakwai jarrabawa. Ta taga take hango ɗalibai arba'in da shida zaune, allo fes, ko ɗigon alli babu. Kafin a jima malamin tarihi ya fara makara, na turanci ya bi sahu. Da ta yi musu magana, na tarihin ya sosa ƙeya ya ce, "Ranki ya daɗe, a fara daga sama mana. Mu ai ƙanana ne."

Ta kira Yayan ofis, ta rufe ƙofa, ta zuba masa ruwa da hannunta, ta yi magana a tausashe. Ya saurara har ƙarshe, ya yi dariya.

"Lokacin da na fara riƙe alli, ke ko karatun agogo ba ki iya ba. Yau ke ce za ki nuna mini ƙarfe takwas?"

Da yamma ta kai wa mijinta kuka. Yana tsugune yana wanke mota, bai ko juyo ba.

"Don Allah Maman 'yan biyu, ki rufa mini asiri. Shi ya riƙe ni bayan rasuwar Baba. Ki kau da kai kawai."

"Yaran mutane fa?"

"Wannan aikinki ne. Ni dai kar ki haɗa ni da ɗan'uwana."

Washegari surukarta ta kira ta a waya. Ba ta yi faɗa ba, da ma ta yi da ya fi sauƙi. "'Yar nan," in ji ta, "kujera barinta ake yi. Mu kuwa muna nan tare da ke har abada."

Ta cije, ta ƙara mako guda. A makon ne jami'in ilimi ya zo ba sanarwa, ya tarar da ajin ba malami. Ya zauna a ofishinta yana kaɗa biro.

"Kin ga abin da muke gudu ke nan in an ba mace. Tausayi ya yi muku yawa."

Ta tambayi kanta a zuci: Makarantu nawa ne maza ke riƙe da su, malamai na zuwa lokacin da suka ga dama, ba wanda ya ce laifin maza ne? Bayan tafiyarsa ta rufe ƙofar ofis. Sannan ta jawo jadawalin darussa.

Akwai wata ƙaramar malama da aka turo bara. Lissafi ta karanta, amma tun zuwanta aka haɗa ta da rajista da dafa wa malamai shayi. Shugabar ta aika aka kira ta.

"Daga gobe ke ce da ajin ƙarshe."

Malamar ta zaro ido. "Ni? Malam fa?"

"Malam ya koma aji ɗaya, darasinsa bayan hutun tara. Za ki iya ko ba za ki iya ba?"

"Zan iya."

A taron malamai ta karanta sabon jadawali da kanta, ba ta ce Yaya ba, ta ce Malamin Lissafi. Ya naɗe jaridarsa a hankali, ya miƙe.

"Ni za ki mayar aji ɗaya? A gaban yaran da na koyar?"

"Haka jadawali ya nuna, Malam."

Ya fita bai rufe ƙofa ba.

Abin da ya biyo baya a gida ya fi na makaranta ciwo. Surukarta ta daina ɗaga wayarta. Matar Yayan, wadda suke zuwa kasuwa tare shekara da shekaru, ta gan ta a layi ta tsallaka titi. Mijinta yakan ci abinci ya ce sannu, ya tashi. A makaranta kuwa kafin takwas babura sun cika gindin bishiya, ƙaramar malamar tana tsaye a aji, alli har gwiwar hannu.

Bayan mako biyu Yayan ya nemi canjin makaranta, aka ba shi. Jami'in ilimi ya kira ta a waya.

"Malama, kin cika zafi. Dattijo kamar wannan, ai lallashi ake yi."

"Ranka ya daɗe, kwanakin baya ka ce tausayi ya yi mini yawa."

Ya yi tari. "To, ki dai sani ba mu da malamin da za mu turo miki sai baɗi."

Ta ajiye wayar, ta dafe kai. Aji ɗaya ba su da malamin lissafi ke nan, ita kuwa labarin ƙasa ta karanta, rabonta da lissafi tun tana sakandare. Da aka buga ƙararrawar tara, ta ɗauko littafin lissafin aji ɗaya daga kan kantar littattafai, ta kakkaɓe ƙurar, ta aika a kira mata ƙaramar malamar.

"Jawo kujera," ta ce. "Nuna mini yadda ake raba wannan. A hankali fa, gobe zan shiga da shi aji."